Windows, Mac, Linux ko Chromebook: yadda za ka zaɓa kafin ka biya kuɗin kwamfuta a Accra

Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, tambaya ɗaya ke ta zuwa mini ta bakin mutane daban-daban. Uba a Nima zai saya wa 'yarsa da ta sami gurbi a jami'ar Legon. Mai shagon buga katin biki a New Town na son ƙara inji. Wani malami a Madina ɗansa ya yi masa alkawarin MacBook daga Amurka, yana neman shawara ko ya karɓa ko ya ce a turo masa kuɗin kawai. Dukkansu abin da suke son sani shi ne wace babbar manhaja, wato tsarin da ke tafiyar da injin gaba ɗaya, ya kamata ta zo a cikin kwamfutar.

Ba ni da amsa ɗaya da zan ba kowa, amma akwai tsarin da in ka bi shi amsar za ta fito da kanta. Ga shi nan a jere. Kada ka fara daga mataki na biyar, domin yawancin asarar da ake tafkawa daga nan take: mutum ya sauka daga trotro a Circle da kuɗinsa a MoMo, alhali bai san me yake nema ba. Tanadi takarda da biro, filash mai giga 16 wanda babu komai a ciki, wayarka da data, da kuma ranar da ba ka sauri.

1. Rubuta aikinka da sunansa

Raba takardar gida uku. A gida na farko rubuta sunan kowace manhaja da za ka buɗe a mako. "Aikin makaranta" ba amsa ba ce, haka ma "harkar shago". Rubuta Word, Excel, CorelDRAW, Photoshop, Tally, AutoCAD, Zoom, ko ma mene ne. In ɗalibi za a saya wa, kada a tambayi mai shago, a tambayi wanda ya riga shi shiga sashen da shekara biyu, a ce: "Yaya, da wace manhaja kuke aikin aji, kuma a kan me malamai ke nuna muku?" Kiran minti biyar ne, amma ya fi duk wani bidiyon kwatance da za ka kalla.

A gida na biyu rubuta na'urorin da za ka jona: firinta da lambarta, sikana, injin yankan sitika, ƙaramar firintar rasit, na'urar ɗaukar zanen yatsa. A na uku rubuta mutane: da wa kake musayar fayil, kuma wa zai gyara maka in ta lalace.

Gargaɗi ga masu ɗab'i: rubuta har da lambar CorelDRAW ɗin da wurin da kake kai aiki ke amfani da ita. Fayil ɗin da aka adana da sabuwa ba ya buɗuwa a tsohuwa, sai an sauko da shi tun wajen adanawa.

2. Tace da takardar

Yanzu ɗauki biro ka fara soke waɗanda ba za su yi maka ba. Doka ɗaya ce: in manhaja guda da cin abincinka ya rataya a kanta ba ta aiki a wani tsari, tsarin ya fita, komai kyansa.

Windows ce ke ɗaukar kusan komai. Revit, SolidWorks, ArcGIS Pro, Power BI Desktop, Microsoft Access da Tally duk nata ne, ba a yi su don Mac ko Linux ba. Tsofaffin firintoci da injinan yanka da ke cike a shagunanmu, direbansu, wato ƙaramar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane su, na Windows ne aka fi samu, wani lokaci ma shi kaɗai ne. Kuma daga Nima zuwa Ashaiman ba za ka rasa wanda zai buɗe maka HP ko Dell ko Lenovo ya canja abin da ya mutu ba. Aibinta shi ne ita ce aka fi dana wa tarko. Filash ɗaya da ya zaga shagunan buga takarda ya isa ya kwaso maka cuta, kuma ita ce aka fi sayarwa da lasisin jabu. Tana kuma son sabunta kanta a lokacin da ta ga dama, ta cinye maka data.

Mac ba a sayen tsarinta daban, tare da injin Apple take zuwa. In aikinka haɗa bidiyo ne da Final Cut Pro, ko kiɗa da Logic Pro, ko rubuta manhajar iPhone da Xcode, to babu wata muhawara, Mac ce. Word, Excel, Photoshop, AutoCAD da CorelDRAW duk suna da na Mac. Waɗanda ke da guntun Apple, wato firosesa ko ƙwaƙwalwar injin, irin M1 da aka fara fitarwa a Nuwamba 2020 da na bayansa, batirinsu na daɗewa ƙwarai, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ranar da aka ɗauke wuta tun safe. Sai dai ram, wato inda injin ke riƙe aikin da yake kai, da ma'ajinsu a manne suke, abin da ka saya shi za ka zauna da shi har ta tsufa. Apple ba ta da shago nata na kanta a Ghana, sai dillalan da ta amince da su, kuma gyaran sikirin ko allon ciki kan ci kuɗin da zai sa ka yi shiru.

Gargaɗi: wani zai ce maka "ai ana sa Windows a Mac". A tsofaffi masu firosesar Intel ne ake yi, da manhajar Apple mai suna Boot Camp. Masu guntun M ba su da shi, sai ta manhaja irin Parallels, wadda ake biya, kuma ba kowane aiki mai nauyi ke tafiya daidai a cikinta ba. Ɗalibin zanen gini da ke buƙatar Revit kada ya sayi Mac da wannan fatan.

Linux kyauta ce, halal, babu lasisin da za ka saya. Iri-iri ce, amma sabon shiga ya tsaya kan Linux Mint ko Ubuntu. Chrome, Firefox, Zoom, Telegram da VLC duk suna aiki, WhatsApp kuma ta burauza. LibreOffice na buɗe fayilolin Word da Excel, ko da yake takarda mai tebur da ado da yawa kan ɗan goce in ta koma hannun mai Word. Ga mai koyon rubuta manhaja ko kula da sabar, ita nake ba da shawara ba tare da jinkiri ba. Amma babu Photoshop, babu CorelDRAW, babu AutoCAD, babu Office na girkawa. Za a ce maka GIMP da Inkscape na maye gurbinsu. Suna aiki, gaskiya ne, sai dai mai shagon da kwastoma ke tsaye a kansa yana jiran fosta ba shi da lokacin sake koyon sana'a.

Chromebook kuwa burauza ce aka yi wa gida. Tana tashi da sauri, ba ta cika kamuwa da cuta ba, ta dace da yaron sakandare ko mai aikin da bai wuce Gmail da Google Docs ba. In babu intanet rabin amfaninta ya tafi. Mutane da yawa sun saye ta don arha, suka kai gida, suka nemi inda za su sa Corel suka rasa.

Gargaɗi ga mai shirin jarrabawar da ake yi daga gida: irin TOEFL ta gida da jarrabawoyin Pearson da ake sa ido ta kyamara, Windows ko Mac suke nema. Duba sharuɗɗansu kafin ka zaɓi Linux ko Chromebook.

In bayan tacewa Windows kaɗai ta rage, to shi ke nan, kada ka ji wani ƙasƙanci don abokinka na yawo da tambarin tuffa.

3. Duba shekarun da suka rage mata

Kowane tsari yana da ranar da mai shi zai daina aiko masa da gyaran tsaro. Kwamfutar ba za ta mutu ranar ba, za ta ci gaba da tashi, amma duk ramin da ɓarayin intanet suka gano bayan nan a buɗe zai zauna, kai kuma a kanta kake shiga banki da imel. Don haka shekarun da suka rage su ne ainihin abin da kake saya.

A Windows, abin nema shi ne injin da Windows 11 ta yarda da shi. Tana buƙatar TPM 2.0 (ɗan guntun tsaro da ke cikin injin), ram giga 4, ma'aji giga 64, da firosesa ta zamani: a Intel daga tsara ta takwas zuwa sama, a AMD daga Ryzen 2000 zuwa sama, in ban da 'yan kaɗan. Ga yadda ake karanta tsarar. Dubi lambar da ke bayan i3 ko i5 ko i7. In ka ga i5-7200U, tsara ta bakwai ce, ta faɗi. In i5-8250U ce, ta takwas ce, ta haye. In i5-1135G7 ce, ta goma sha ɗaya ce. Kalmar i7 ita kaɗai ba ta nufin komai; i7 ta tsara ta shida ba ta kai i5 ta tsara ta goma amfani a yau ba, amma har gobe da "i7 ce fa, Alhaji" ake kama mutane. Giga 4 da Microsoft ta rubuta kuwa na tashi ne kawai. Kada ka yarda da ƙasa da 8, kuma ma'ajin ya zama SSD, wato irin mai sauri.

Gargaɗi: ganin Windows 11 a fuskar kwamfuta ba hujja ba ce. Ana iya cusa ta da dabara a injin da bai cancanta ba, kuma Microsoft ta faɗa ƙarara cewa irin wannan ba shi da tabbacin samun sabuntawa. Lambar firosesa za ka gaskata, ba hoton fuska ba.

Akwai kuma sababbin laftof masu guntun Snapdragon X da suka fito a 2024. Windows 11 ce a ciki, batirinsu na da kyau, amma direban tsohuwar firinta na iya ƙin shiga. In gida na biyu na takardarka a cike yake, tsaya kan Intel ko AMD.

A Mac maganar gajeriya ce. Apple ta sanar cewa macOS Tahoe 26, wadda ta fito a 2025, ita ce ta ƙarshe da za ta hau Mac mai Intel, kuma ko ita ɗin ma kaɗan daga cikinsu ta ɗauka. Saboda haka Mac mai Intel, komai sheƙinta, a ƙarshen hanyarta take. In kuɗinka bai kai M1 ba, gara Windows mai kyau. Ƙari a kan haka, yawancin MacBook na tsakanin 2016 da 2019 na da wani siririn kibod da ƙura kaɗan ke maƙale masa haruffa, mu kuwa muna da hunturu.

A Ubuntu nemi wadda aka rubuta wa LTS, wato mai doguwar kulawa. Duk shekara biyu ake fitar da ita a watan Afrilu, kuma ana kula da ita shekara biyar. Linux Mint 22 na da kulawa har 2029. Chromebook ɗin da aka ƙera daga 2021 zuwa sama na samun shekara goma, ana ƙirgawa daga fitowar samfurin, ba daga ranar da ka saya ba. Ranar ƙarewar na rubuce a Settings, ƙarƙashin About ChromeOS, sai Additional details.

4. Haɗa lissafin gaba ɗaya

Farashin da ke manne a jikin kwamfuta ba shi ne kuɗinta ba. Ba zan rubuta farashi da sidi a nan ba, don yana bin dala, na yau daban na wata mai zuwa daban. Tambayi shaguna uku a rana ɗaya, sannan ka ƙara waɗannan.

Lasisin Windows: in sabuwar kwamfuta ta zo da shi daga masana'anta, kuɗinsa na cikin farashin, mabuɗin kuma na cikin injin, ko an goge an sake zubawa zai dawo da kansa. In an rubuta FreeDOS a kwalin, babu Windows ke nan, shi ya sa ta fi arha. A wajen Microsoft, Home dala 139 ce, Pro kuma 199. Wanda ya ce zai zuba maka Pro da Office da Photoshop da Corel duka "kyauta, na gida ne", ka san abin da yake zubawa. Ban da batun haƙƙi, irin waɗannan fasassun manhajojin su ne babbar ƙofar da masu satar kalmar sirri ke bi. Mai amfanin gida ba ya buƙatar Pro, Home ta ishe shi.

Office daban ake sayensa a Windows da Mac duka, ko dai Microsoft 365 na shekara-shekara, ko Office 2024 na biya sau ɗaya. Na cikin burauza kyauta ne in kana da asusun Microsoft. Ɗalibi ya fara tambaya a makarantarsa ko imel ɗin jami'a na ba shi, kafin ya kashe ko sisi. Adobe kuwa haya ce, ba a saye a mallaka. Kada ka biya kuɗin rigakafin cuta daban, Microsoft Defender na cikin Windows kuma ya wadatar da yawancin mutane.

Sai ƙananan da ake mantawa. Mai Mac zai sayi adafta, don yawancinsu ramin USB-C kawai gare su, filash ɗinka da wayar firinta ba za su shiga ba. Mai kwamfutar tebur dole ya sayi UPS, wato batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, in ba haka ba ɗaukewar wuta ɗaya a tsakiyar sabuntawa na iya hana ta tashi. Data ma kuɗi ce: fayil ɗin girka Windows 11 ya haura giga 5, Linux Mint kusan 3, sabuwar macOS kuwa ta wuce 10. Ni dai shawarata, in kuɗinka kashi goma ne, takwas na inji, biyu na waɗannan.

5. A cikin shago

Ko a Tip Toe Lane kake, ko a babban shago a Osu, ko wani ne ya kawo maka har gida daga tallar intanet, binciken ɗaya ne. Sabuwa a kwali ma a buɗe ta a gabanka, lambar jikin kwalin ta dace da ta ƙarƙashin injin. Hom-yus kuwa, wato wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje, ba laifi ba ce, sau da yawa tsohuwar ThinkPad ko Latitude ko EliteBook ta ofis ta fi sabuwar roba mai arha ƙarko, amma ita ce ke buƙatar ido sosai. Faɗa wa mai shago tun farko: "Maigida, zan ɗan duba ta kamar rabin awa, in ta yi mini yanzu zan biya." Mai gaskiya zai jawo maka kujera. Wanda ya fara "ai mun riga mun gwada", yi masa godiya ka wuce gaba.

In Windows ce, danna maɓallin Windows tare da R, ƙaramin akwati zai fito. Rubuta winver ka ga wace Windows ce. Sake buɗewa ka rubuta tpm.msc, ka nemi 2.0. Shiga Settings, System, About, ka karanta firosesa da ram da idonka, kada ka dogara da sitikar da ke jiki, don sitika ana liƙawa. Daga nan rubuta slmgr /xpr a akwatin. In ya ce an kunna ta dindindin, madalla. In ya nuna ranar ƙarewa, rubuta slmgr /dli. Ganin VOLUME_KMSCLIENT a kwamfutar da ba ta kamfani ba na nufin kunnawar aro ce mai kwana 180, wata rana za ka wayi gari da rubutu a kusurwar sikirin yana neman lasisi. In lasisin na masana'anta ne, kalmar OEM ake gani.

Don batir, buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, sannan ka buɗe fayil ɗin da ya nuna maka. Lambobi biyu za ka kwatanta, Design capacity da Full charge capacity. In ta biyu ta kusa rabin ta farko, sa kuɗin sabon batir cikin cinikin.

Gargaɗi: kashe ta ka kunna, ka shiga BIOS, wato saitin injin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ta danna F2 a Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad. In ta nemi kalmar sirri kuma mai shago bai san ta ba, bar ta. Duba kuma Settings, Accounts, Access work or school. In sunan wani kamfani ko makaranta na wurin, injin na iya kasancewa a rajistarsu har yanzu, ranar da ka goge shi ka jona intanet sai ya nemi imel ɗin ma'aikacinsu. In ka ga an rubuta S mode kusa da sunan Windows, wannan ba matsala ba ce, ana fita daga ciki kyauta ta Microsoft Store, sai dai ba a komawa.

In Mac ce, a nan ne aka fi kuka. Danna tuffar da ke kusurwar hagu, About This Mac, ka ga ko Apple M aka rubuta ko Intel. Buɗe System Settings ka dubi sama: in sunan wani na nan, asusunsa na ciki. Mac ɗin da aka ɗaure da asusun iCloud na wani kamar ɗaki ne da ka biya haya mukullin na aljihun tsohon ɗan haya, duk ranar da ƙofar ta rufe ba ka da ta cewa. Kada ka karɓi "zan cire maka daga baya" ko "ga kalmar sirrin, yi amfani da ita". Hanya ɗaya ce mai tabbas: a gabanka a yi Erase All Content and Settings, ta tashi fes, ka jona ta da intanet ɗin wayarka, ka bi saitin farko har ka shigar da naka asusun. In Activation Lock ya fito, ko shafin Remote Management da sunan wani kamfani, mayar musu da kayansu. Yawan cajin da batirin ya sha na cikin System Information, ƙarƙashin Power. Apple ta ƙiyasta wa na zamani zagaye 1000.

Chromebook ma haka: in shafin shiga ya ce wata makaranta ce ke kula da ita, ba taka ba ce ko ka biya.

Kowace ce, buɗe shafin rubutu ka danna kowane harafi. Injinan da ake kawowa daga Jamus Y da Z sun yi musaya, na Faransa kuwa da AZERTY suke farawa. Ana iya canja saitin, amma zanen da ke kan maɓallan zai ci gaba da ruɗa mai koyo. Gwada kyamara, sifika, kowane ramin USB, ka kuma zare caja ka ga ko za ta ɗauke.

Gargaɗi ga mai sayen ta tebur da aka kawo daga Amurka: leƙa bayanta kusa da inda wayar wuta ke shiga. Wasu tsofaffi na da ɗan jan makunni mai 115 da 230. Wutarmu 230 ce. In yana kan 115 ka jona, ƙara ɗaya za ka ji da warin ƙuna.

6. Gwada Linux kafin ka zuba

Wannan matakin na wanda Linux ta tsira a takardarsa ne, ko mai tsohuwar kwamfutar da Windows 11 ta ƙi, yana tunanin ko sai ya sayi sabuwa. Sau da yawa ba sai ya saya ba.

Tun a gida sauke Linux Mint daga shafinsu na asali, ka rubuta ta a filash da Rufus ko balenaEtcher. Rubutawar na goge duk abin da ke filash ɗin. Soka shi, kunna kwamfutar kana danna F12 a Dell da Lenovo, ko F9 a HP, ka zaɓi filash. Mint za ta tashi daga cikinsa ba tare da ta taɓa abin da ke injin ba. Gwada Wi-Fi, sauti, kyamara, ƙara haske da rage shi, rufe murfi da buɗewa, sannan firintarka. Wi-Fi da katin hoto na Nvidia su ne suka fi ba da wahala. Buɗe ainihin fayilolin aikinka a LibreOffice ka ga yadda suka fito. In komai ya yi, sai ka girka.

Gargaɗi: in kana son Windows da Linux su zauna tare a inji ɗaya, Windows ake fara zubawa. Kwashe fayilolinka zuwa wani wuri tukuna, ka kuma adana mabuɗin BitLocker, wato makullin da Windows ke rufe ma'aji da shi, don taɓa saitin tashi na iya sa Windows ta kulle ta nemi lambobi 48 da ba ka taɓa gani ba. Kada ka raba ma'aji sai batir a cike, ko UPS na jone.

7. Hausa da Larabci

Duk tsare-tsaren na rubuta Larabci daga dama zuwa hagu, sai dai a ƙara harshen a saiti. Malamin da ke da tarin littattafai a manhajar Shamila ya sa ta a gida na farko na takardarsa, ya tabbatar irin wadda yake da ita za ta hau abin da zai saya, don ta Windows ce aka fi yawo da ita a tsakaninmu. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, Windows na da kibod ɗin Hausa a Settings, ƙarƙashin Time & language, ana sauyawa da maɓallin Windows da sarari. Linux ma na da shi, har iri biyu, na Ghana da na Najeriya. Keyman kyauta ce kuma tana aiki a Windows da Mac da Linux, in kana son hannunka ya saba da tsari ɗaya ko'ina.

8. Biya, da daren farko

Kafin ka tura kuɗi, a rubuta rasit mai sunan shago, samfurin injin, lambar jikinsa, firosesa, ram, girman ma'aji, da kwanakin garanti a rubuce, ba da baki ba. In an ce Windows ɗin na asali ne, a rubuta hakan ma. Sunan da MoMo ya nuna maka kafin ka sa lambar sirri ya zama na shagon ko na wanda ke gabanka. Kuma kada a shiga da kwamfutar ciki "a sa maka a jaka" bayan ka gama dubawa, wadda ka gwada ita za ka riƙe a hannunka.

A gida, in hom-yus ce mai Windows, yi Reset this PC ka zaɓi goge komai, don ba ka san abin da aka bari a ciki ba. Windows 11 Home za ta nemi intanet da asusun Microsoft wajen saitin farko. Buɗe naka da kanka, kada yaron shago ya sa nasa, domin can mabuɗin BitLocker ke tafiya. Shiga asusun ta waya, nemo mabuɗin, kwafe shi a takarda ka ajiye inda kake ajiye Ghana Card. Bar ta ta gama duk sabuntawarta a daren, da bandul na tsakar dare in layinka na da shi, sannan ka shiga saitin Wi-Fi ka kunna Metered connection don ta rage jan data in kana kan hotspot.

In akwai Mac da Windows a gida ɗaya, faifan ajiyar da za ku riƙa musaya da shi a tsara shi da exFAT tun yana fanko. Mac na karanta faifan da aka tsara da NTFS, wato tsarin faifai na Windows, amma ba ta rubutu a kai, kuma sake tsarawa daga baya na goge komai.

Washegari ɗauko takardar mataki na ɗaya. Girka kowace manhaja da ke gida na farko, jona kowace na'ura da ke gida na biyu, buga shafi ɗaya, tura fayil ɗaya ga wanda kake aiki da shi ya buɗe ya gaya maka yadda ya fito. Yi cikakken aikin yini da ita a kan batir. Duk abin da ya ƙi, koma shagon da rasit ɗinka kafin kwanakin garantin su cika.